Birkin Mota: Yadda Za Ka Duba Shi da Kanka

1. Dalilin wannan darasi

Duk wanda ya bi hanya daga Kano zuwa Minjibir ya san ba a yin tafiya mai nisa ba a iske mutane ba. Ƙauye na bin ƙauye, gona tana manne da gona. Ga jakai ɗauke da taki, ga amalanken shanu, ga awaki, ga yara masu tallar gyaɗa a bakin hanya. Ran kasuwa kuwa abin ya fi haka. To, mai mota a irin wannan ƙasa, ko tasa ce ko ta haya, rayukan mutane da yawa suna ƙarƙashin ƙafarsa ta dama.

Mota in ta ƙi tashi, hasarar yini guda ce. In ta ƙi tsayawa, hasarar ba ta da iyaka. Saboda haka ya kamata kowane mai mota ya san birkinsa kamar yadda manomi ya san garmarsa. Wannan darasi zai nuna maka yadda birki ya ke aiki, da alamun da ya ke bayarwa in ya fara gajiya, da yadda za ka gane abin da ya isa canji, da abin da wanki kaɗai ya ke bukata. In ka san wannan, ba za ka sayi abin da ba ka bukata ba, ba kuwa za ka bar abin da zai jawo maka nadama ba.

2. Gudu da tsayawa

Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin wajen mita 14 a daƙiƙa guda. Mai gudun kilomita 100 tana cin wajen mita 28. Watau tun ƙafarka ba ta kai kan birki ba ka riga ka wuce tsawon gidaje biyu ko uku.

Ga wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba. In ka riɓa gudunka sau biyu, tazarar da birki zai bukata ya tsai da motar za ta riɓu sau huɗu. A kan burji ko yashi tazarar ta fi ta kwalta, domin taya ba ta samun abin kamawa sosai. In kuma ka loda buhunan gero ko kwandunan tumatir daga lambunan dam ɗin Wasai, birki zai yi aiki fiye da na kullum, ya yi zafi da sauri.

Zafin nan shi ne asalin maganar. Goga tafin hannunka biyu da ƙarfi, za ka ji sun yi ɗumi. Haka birki ya ke yi. Yana goga wani abu a jikin ƙarfen da ke juyawa tare da taya, ƙarfin gudun motar ya koma zafi, sai ta tsaya. Abin da a ke gogawa kuwa dole ya riƙa cinyewa kaɗan kaɗan. Don haka cinyewar birki ba laifin kowa ba ne. Laifi shi ne a ƙi dubawa.

3. Yadda aka shirya shi

Sa'ad da ka taka birki, ƙafarka tana tura wani fistin cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe da ke ƙarƙashin bonet, wadda makanikai su ke kira masta. Masta tana tura man birki cikin bututu zuwa ƙafafun mota huɗu. Ruwa ba ya matsuwa. In ka tura shi a wannan bakin bututu, take ya tura abin da ke wancan bakin. Wani masani ɗan Faransa mai suna Pascal shi ya bayyana wannan tun cikin ƙarni na 17. A Amurka aka fara sayar da motar fasinja mai birkin mai a ƙafafu huɗu, watau Duesenberg, a shekarar 1921.

Iska kuwa tana matsuwa. In ta shiga bututun, ƙafarka za ta ɓata ƙarfinta wajen matse iskar, birki bai kama ba. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

A ƙafar mota birki iri biyu ne. Na farko mai faifai. Faifan ƙarfe ne ya ke juyawa tare da taya, wani maƙali da a ke kira kalifa yana rungume da shi. Cikin kalifa akwai 'yan allunan guga biyu, waɗanda makanikai su ke ce wa fad, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. In mai ya turo, sai su matse faifan kamar yadda ka ke matse faifan tuwo da yatsu. Na biyu mai ganga. Wannan ƙarfe ne kamar akushi a kife, cikinsa da takalma biyu masu lanƙwasa, in mai ya turo sai su buɗe su goga cikin gangar. Irin mai ganga ya fi daɗewa, Louis Renault ya sa shi a motarsa tun 1902. Mai faifai ya bazu ne bayan da Citroën ta sa shi a motarta DS a 1955. Yawancin motocin haya da ke bin hanyoyinmu, irin su tsohuwar Golf da Hiace, faifai ne a gaba, ganga a baya. Na gaba ya fi shan aiki, shi ya sa ya kan riga na baya cinyewa.

Akwai kuma birkin hannu, wanda ke jan na baya da waya. Akwai wata baƙar tukunya mai faɗi a bayan masta, ita ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi in inji yana aiki.

4. Birki ya kan yi magana kafin ya mutu

Da wuya birki ya mutu bai yi gargaɗi ba. Kayan awonka na farko su ne ƙafarka, da kunnenka, da hancinka, da idonka.

In ka taka ka ji laushi kamar ka taka katifa, iska ce ta shiga, ko kuwa man ya tsufa.

In ka taka ka riƙe, ka ji abin takawa yana nutsewa sannu sannu, ko dai mai yana yoyo a wani wuri, ko robobin cikin masta sun gaji. Wannan mota kada ta bar gida.

In ya yi tauri kamar dutse, motar kuma ba ta tsayawa da sauƙi, ka tuhumi baƙar tukunyar nan ko tiyon da ya haɗa ta da inji. Ga yadda za ka gwada ta. Kashe inji, taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri, ka riƙe, sa'an nan ka ta da inji. In tana da lafiya, za ka ji abin takawa ya ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka.

In motar tana ja zuwa gefe guda duk sa'ad da ka taka, fara da duba iskar tayoyi. In daidai su ke, to, kalifa ɗaya ta cije, ko mai ya ɓata fad na gefe guda.

In sitiyari ko abin takawa yana rawa ko da a hankali ka taka, fuskar faifai ba daidai ta ke ba. Amma motoci masu na'urar ABS su kan yi irin wannan rawa in an taka da ƙarfi a kan santsi ko tsakuwa. Wannan aikinta ne, kada ka ɗaga ƙafa.

In ka ji siririyar ƙara kamar kukan ɓera, ta yiwu ƙurar hunturu ce. Ta yiwu kuma ɗan ƙarfen gargaɗi ne da a ke sa wa waɗansu fad, don ya taɓa faifai in sun kusa ƙarewa. In kuwa ka ji gurza kamar ana niƙa a dutse, fad ya riga ya ƙare, ƙarfe ne ya ke cin ƙarfe.

In ka ji ƙauri bayan ɗan tafiya kaɗan, tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga kowace ƙafa, ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta bai saki ba.

Kowane mako ka buɗe bonet ka dubi 'yar robar man birki. A jikinta akwai layi biyu, na sama an rubuta MAX, na ƙasa MIN. Mai ya kan sauka kaɗan kaɗan cikin watanni saboda cinyewar fad. In ya sauka cikin kwana biyu ko uku, yoyo ne, ƙara mai ba zai warkar da shi ba.

5. Kafin ka kwance taya

Nemi wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Ƙasarmu yashi ce, jak ya kan nutse ko ya goce, saboda haka sa katako mai kauri ƙarƙashinsa. Sa mota a giya, ka tokare tayoyin da ba za ka ɗaga ba da dutse ko guntun itace, gaba da baya. Sassauta notina tun taya tana ƙasa, sa'an nan ka ɗaga.

Kada ka yarda da jak shi kaɗai. Tokare motar da ƙarfen tokara, ko kututture mai ƙwari. Bulo da tubali su kan farfashe ba zato. Tayar da ka cire, tura ta ƙarƙashin motar ta zama kariya ta biyu. Kori yara daga wurin.

Yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan. In ka manta inda wani sifirin ya ke, sai ka leƙa wancan gefen ka gani. Kada ka hura ƙurar birki da baki ko da famfo. Waɗansu fad da takalma suna ɗauke da wani abu mai suna asbestos, ƙurarsa tana lalata huhu, cutar kuma ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Rufe hancinka, ka share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma.

6. Wanne za a canja, wanne za a bari

*Fad.* Sabo yana da kaurin wajen milimita 10 zuwa 12, ban da ƙarfen bayansa. In ya rage milimita 3, watau kaurin tsinken ashana da ɗan ƙari, canja shi. Dubi na ciki da na waje duka, domin na ciki ya kan ɓuya. In ɗaya ya ci fiye da ɗan'uwansa ƙwarai, sandunan da kalifa ke zamewa a kansu sun cije. Zare su, ka wanke, ka shafa musu giris irin na birki. In ba ka yi haka ba, sabon fad ma haka zai ci. Fad da ya tsage, ko ya fara rabuwa da ƙarfensa, ko ya sha mai, ya tashi daga aiki ko da kaurinsa na nan. Wanki da fetur ko babbaka shi a wuta ba sa fitar da man da ya shiga cikinsa.

*Faifai.* Bari ya huce, ka bi fuskarsa da farce. 'Yan siraran layuka ba kome ba ne, haka kuma jan tsatsa da ya kan hau shi in mota ta kwana cikin damina, taki biyu uku zai share shi. Amma in akwai kwari mai zurfi da farce ya ke maƙalewa, ko tsaga, ko bakinsa ya yi tudu sosai, a auna shi. A jikin faifai an buga iyakar kaurinsa, galibi bayan haruffan MIN TH. In bai kai iyakar ba, mai injin gyaran ƙarfe zai iya share fuskarsa, muddin bayan sharar bai wuce iyakar ba. In ya wuce, ko ya tsage, sai sabo. Siririn faifai ba ya ɗaukar zafi.

*Takalma da ganga.* Saki birkin hannu kafin ka cire ganga. Takalmin da abin gugarsa ya rage milimita 2 ya isa canji. Ɗaga 'yar robar da ke bakin ƙaramar tukunyar da ke tura takalman. In ka ga danshin mai a ciki, tukunyar tana yoyo, a canja ta, a canja takalman da suka jiƙe. Sifirin da ya yi tsatsa ko ya saki, shi ma a canja, kuɗinsa kaɗan ne.

*Tiyo da bututu.* Lanƙwasa tiyon roba da hannu ka duba. In ka ga tsattsagewa, ko kumburi, ko wurin da taya ta goge shi, canja shi ran nan. Zafin bazara yana busar da roba da wuri. Bututun ƙarfe da ya yi tsatsa mai zurfi ko dutse ya lotsa shi, shi ma haka.

*Kalifa.* In robar da ta kewaye fistin ta yage, ƙura da ruwa za su shiga, fistin ya cije. In ka rataye kalifa a gefe kana aiki, ɗaure ta da waya, kada ka bar nauyinta a kan tiyo.

Ga doka guda wadda ba ta da togaciya. Fad, da takalma, da faifai, a kan canja su dama da hagu tare. In ka sa sabo a gefe guda kaɗai, motar za ta fizge gefe ran da ka fi bukatar ta tsaya sak.

7. Man birki

A kan murfin robar mai an rubuta irin wanda motarka ta ke sha, galibi DOT 3 ko DOT 4. Wannan mai yana da hali guda, yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa 230. In sun sha danshi, na farko zai iya tafasa a 140, na biyu a 155. In mai ya tafasa sai ya yi tururi, tururi kuwa yana matsuwa kamar iska, sai ka taka ka ji ƙafarka ta kai ƙasa. Saboda haka a kan zubar da tsoho a sa sabo kowace shekara biyu, ko in ya yi baƙi. Sayi kwalba a rufe. Wadda aka buɗe ta daɗe a ajiye ta riga ta sha danshi. Kada ka gauraya DOT 5 da waɗannan, jinsinsa dabam ne. In man ya zuba a jikin mota, wanke da ruwa nan da nan, yana cin fenti.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna ya taka sau uku ko huɗu ya riƙe. Ɗaya ya sa siririn tiyo a ɗan notin fitar da iska, ya buɗe shi kaɗan, mai da kumfa su fita cikin kwalba, ya rufe, sa'an nan na ciki ya ɗaga ƙafa. A maimaita har kumfa ta ƙare. A motoci da yawa a kan fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. Kada ku bar robar mai ta ƙafe, in ta ƙafe aikin ya koma farko.

8. Dabarun da ke kashe mutane

Akwai waɗansu dabaru da a ke yi a bakin hanya, a ce don a ƙarasa gida. Wani ya zuba ruwan sabulu maimakon man birki. Ruwa yana tafasa a digiri 100, yana kuma sa tsatsa a cikin masta. Wani ya zuba man inji, shi kuwa yana kumbura robobi duka. Wani in bututun ƙafa ɗaya ya fashe sai ya daddage bakinsa da guduma, ya ci gaba da lodi da birkin ƙafa uku. Wani ya naɗe tiyo da robar tsohon tub. Duk wanda ya yi haka ya ɗauki fasinja, ya ci amanarsu, domin sun biya kuɗi ne a kai su gida lafiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

9. Sayen kaya

In za ka kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko wani shagon kayan mota, tafi da tsohon abin a hannunka, ka aza shi kan sabon ka gwada tsawo da ramuka. Gani ya kori ji. Jabu ya yi yawa, kayan da arharsu ta wuce hankali ka yi shakkarsu, araha ba ta ado. Faifai ko ganga ko kalifa na Beljiyam suna iya amfani in an auna an duba. Amma fad, da takalma, da tiyo, da robobi, da mai, sabbi kaɗai za ka saya.

Ka san iyakarka kuma. Duba mai, da canja fad, da wanke sanduna, mai hankali zai iya da kansa in ya taɓa gani an yi sau ɗaya ko biyu. Gyaran masta, da haɗa bututun ƙarfe, da na'urar ABS, kai wa bakanike wanda ya ƙware. Ka tsaya a kansa, ka ce ya nuna maka abin da ya cire.

10. Bayan ka gama

Ɗaure notina a giciye, ka ƙara matse su bayan mota ta sauka ƙasa. Kafin ka motsa ko taku ɗaya, taka birki sau da yawa har ya yi tauri, domin fistin da ka tura baya sai ya dawo wurinsa. Masu mantawa da wannan su kan daki bangon gidansu. Dubi mai, dubi ƙasa ko akwai ɗigo. Gwada a fili inda ba kowa, a hankali. Sabon fad ba ya kamawa sosai sai ya saba da faifai, saboda haka bi shi a sannu wajen kilomita 200 na farko.

Da damina in ka ratsa ruwa, taka birki a hankali sau biyu uku kana tafe, ya bushe. In kuwa, Allah ya kiyaye, birki ya ɗauke kana cikin tafiya, taka shi da sauri sau da yawa, ka riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu sannu sannu, ka danna ham. Kada ka zare makulli, sitiyari zai iya kullewa.

Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, jami'anta suna tsai da motoci suna dubawa. Amma jami'i ba ya kwana a gidanka. Kai ne ka ke taka birkin nan safe da yamma, kai ne za ka fara jin ya sāke. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. In ka riɓa gudu sau biyu, sau nawa tazarar birki za ta riɓu?
2. Me ya sa iska a cikin bututu ta ke hana birki kamawa?
3. Fad ya rage milimita nawa za a canja shi?
4. Don me a ke canja na dama da na hagu tare?
5. Faɗi abubuwa uku da ba a sayen tsofaffinsu.
6. Me za ka fara yi bayan ka sa sabon fad, kafin mota ta motsa?